Tuta, Tambari da Take: Tarihin Alamomin Ƙasar Nijeriya a Mahangar Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk matafiyin da ya shiga tashar jirgin ƙasa ta Idu a Abuja, wadda aka buɗe a shekarar 2016 domin zirga-zirga zuwa Kaduna, zai ci karo da alamomin ƙasa tun kafin ya hau jirgi: tuta mai launin kore da fari a harabar tashar, da kuma tambarin ƙasa a jikin takardar kuɗin da ke aljihunsa. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bin diddigin waɗannan alamomi, tare da nuna cewa kalmomin da Hausawa suka laƙaba masu, wato tuta da tambari da take, sun girmi ƙasar kanta, kuma ma'anarsu ta sauya a sakamakon wannan sabon aiki.

2.0 Kafin Zuwan Turawa

A ƙasar Hausa alamar mulki ba ta rabuwa da mai mulki. Tambari ganga ce da ba a kaɗa wa kowa sai sarki. Take kuwa kiɗa ne da makaɗi kan keɓe wa mutum guda, da an ji shi an san wanda ake nufi. Ita tuta darajarta ta ƙaru bayan jihadin 1804, lokacin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ba almajiransa tutoci, irin su Malam Musa na Zazzau da Yakubu na Bauchi da Buba Yero na Gombe da Modibbo Adama. Karɓar tuta shaida ce ta mubaya'a da izinin jagoranci. Ke nan kowace alama tana da mai ita.

3.0 Zamanin Mulkin Mallaka

Bayan haɗe Arewa da Kudu a 1914, an sanya tauraro kore mai tsini shida a kan jan da'ira cikin shuɗiyar tutar mulkin mallaka. Gwamna Lugga ya bayyana daga baya cewa ya ga wannan zane, wanda ake kira hatimin Sulaimanu, a murfin wata butar tagulla da sojojinsa suka kwaso bayan cin Kwantagora. Alamar ta fito ne daga ganimar yaƙi, don haka ba abin mamaki ba ne da aka jingine ta a lokacin 'yancin kai.

4.0 Alamomin 'Yancin Kai

A gasar da aka shirya gabanin 1960, zanen Michael Taiwo Akinkunmi, ɗalibi a Landan, shi ne ya yi nasara, sai dai alƙalai sun cire jar ranar da ya zana a tsakiya. An ɗaga tutar ran 1 ga Oktoba, 1960. Tambarin ƙasa kuwa baƙar garkuwa ce mai nuni ga albarkar ƙasar noma, da farin zane mai rassa biyu wanda ke wakiltar haɗuwar kogin Kwara da na Binuwai a Lakwaja, da fararen dawaki biyu, da jar gaggafa a bisa. Kirarin da ke ƙasansa a farko "Haɗin Kai da Imani" ne, a 1978 aka ƙara masa "Zaman Lafiya da Ci Gaba". A wannan shekara aka sauya taken ƙasa na farko, wanda wata Baturiya, Lillian Jean Williams, ta rubuta baitocinsa, sa'annan aka dawo da shi a watan Mayu na 2024.

Abin lura a nan shi ne babu hoton sarki ko alamar wata ƙabila a cikinsu. Kogi da ƙasar noma ba mallakar kowa ba ne. Irin wannan tunani ne ya sa gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta zaɓi tsakiyar ƙasa a matsayin sabon babban birni a 1976.

5.0 Matsayin Harshe

Wannan kauce wa son kai bai zo a banza ba, domin kirarin da taken duk da Ingilishi aka tsara su. Inda harsunan gida suka sami gurbi shi ne takardun kuɗi. An daɗe ana rubuta ƙimar Naira da ajamin Hausa, amma a 2007 Babban Bankin Nijeriya ya cire shi daga ƙananan takardu, ya maye gurbinsa da Hausa da Ibo da Yarabanci a rubutun boko. Ajamin ya saura a kan Naira 200 da 500 da 1000. Muhawarar da ta biyo baya ta tabbatar da cewa jama'a na kallon rubutu kansa a matsayin alama.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga yadda kalmomin da a dā suke nuni ga mubaya'a ga mutum suka koma nuni ga biyayya ga ƙasa. Ƙalubalen da ke gaban masana harsunan Nijeriya shi ne samar da daidaitacciyar fassarar kirari da taken ƙasa a harsunan gida, domin wanda bai fahimci take ba, da wuya ya amsa kiransa.