'Yan Kwana-kwanan Durlach

Da na zo Karlsruhe karatu, a unguwar Durlach na sami ɗaki. Maƙwabcina mai gyaran wuta ne, amma da zarar na'urar da ke ƙugunsa ta yi ƙara sai ya bar komai ya ruga kashe gobara, ba ko sisi. Shi ya sa na bi tarihin abin.

A 1846 Durlach ƙaramin gari ne mai zaman kansa. Gobara in ta tashi, kowa ya ɗauko bokitinsa, a yi ta hayaniya. Sai maginin garin, Christian Hengst, ya tara matasa kusan hamsin, aka samo famfo daga Carl Metz na Heidelberg. Ni injiniya ne, amma ba famfon ya burge ni ba, atisayen ne: kowa ya san inda zai tsaya, wa ke tsani, wa ke ruwa.

Ranar 28 ga Fabrairu 1847 gidan wasan kwaikwayon Karlsruhe ya kama da wuta, mutum sama da 60 suka mutu. 'Yan Durlach suka garzayo, suka hana wutar cin gine-ginen kusa. Daga nan garuruwa suka yi ta kwaikwayonsu.

Maƙwabcin nawa ya ba ni fom tun bara. Yana nan kan teburina, ban cike ba tukuna.