Yaƙin Cacar Baka

Yaƙin Cacar Baka (suna, namiji). Zaman doya da manja tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet tun daga 1947 har zuwa wargajewar Sobiyet a Disamban 1991. Kowane ɓangare ya tara makaman nukiliya da ƙawaye: ƙungiyar NATO a 1949, ƙawancen Warsaw a 1955. Sai dai manyan ƙasashen biyu ba su taɓa gwabzawa gaba da gaba ba.

Lamarin ya kusa ƙazancewa a Oktoban 1962, lokacin da jirgin leƙen asirin Amurka ya ɗauko hotunan sansanonin makamai masu linzami na Sobiyet a Kuba. Kwana 13 duniya na cikin zullumi, kafin shugaban Sobiyet Khrushchev ya yarda ya kwashe su, shugaban Amurka Kennedy kuma ya yi alkawarin ba zai mamaye tsibirin ba, sannan a asirce ya amince da janye nasa makaman daga Turkiyya.

Abin takaicin shi ne, ƙananan ƙasashe ne suka sha wuya. Jini ya kwarara a Koriya, Biyetnam da Angola, a Kongo kuwa aka kashe tsohon firaministan ƙasar Patrice Lumumba a Janairun 1961.