Tarihin Rigimar Makaɗan Metal da Masoyansu a Kan Sauti Mai Ɗaci

Yau mun ɗan ajiye labarin soyayya a gefe, za mu leƙa ƙasashen Turawa mu ga wata tsohuwar rigima tsakanin makaɗa da masu saurarensu. Rigimar kuwa a kan abu guda take: makaɗi ya san sautin da ke yi wa kunne daɗi sarai, amma da gangan ya kauce masa ya kaɗa wanda ke cizon kunne. Shin cin amanar masoya ne, ko kuwa gwaninta ce?

Bari mu fara da yadda abin yake. Turawa sun raba tsanin sautin kiɗansu zuwa taki 12. Akwai amon da in aka haɗa su sai su kwanta da juna lafiya lau, akwai kuma waɗanda in aka haɗa sai ka ji suna gogayya kamar kishiyoyi a tsakar gida ɗaya. Mafi shahara a cikin masu gogayyar shi ne wanda ake kira tiraiton, wato amo biyu da ke da tazarar taki 6 a tsakaninsu, daidai tsakiyar tsanin. Malaman kiɗa na Turai a da sun riƙa hana ɗalibansu sakin jiki da shi, har aka yi masa laƙabi da "shaiɗan a cikin kiɗa". Labarin da ake yaɗawa wai coci na hukunta wanda ya kaɗa shi, wannan ƙarin gishiri ne kawai. A al'adar kiɗansu, in an kawo sauti mai ɗaci, to ana biyo shi da mai daɗi domin zuciya ta kwanta. Rigima tana tashi ne idan makaɗi ya kawo ɗacin ya ƙi kawo zumar.

Tun kafin a haifi kiɗan metal an taɓa yin irin wannan dambarwa. Ranar 29 ga Mayu, 1913, a wani gidan wasa a birnin Paris, aka fara nuna rawar The Rite of Spring wadda Igor Stravinsky ɗan ƙasar Rasha ya tsara wa kiɗa. Kiɗan da rawar duka suka zo wa mutane a baibai, zaure ya kaure da ihu da cacar baki, har masu rawa ba sa jin makaɗa sosai. Amma da aka sake kaɗa shi a birnin a 1914 ba tare da rawar ba, sai ga jama'a sun ɗauki Stravinsky a kafaɗa don murna. Mai karatu ka riƙe wannan, domin za ka ga ya yi ta maimaita kansa.

Shi kansa metal a kan wannan "shaiɗanin" sauti aka aza harsashinsa. Ranar Juma'a 13 ga Fabrairu, 1970, wasu samari 'yan birnin Birmingham na Ingila masu suna Black Sabbath suka fitar da faifansu na farko, waƙar farko a ciki kuma a kan tiraiton mai jita Tony Iommi ya gina ta. Masu sharhi a jaridu suka yi musu kaca-kaca, matasa kuwa suka yi ta saye. A gefe guda kuma ƙungiyar King Crimson ta Robert Fripp ta fitar da Larks' Tongues in Aspic a 1973 da Red a 1974, masu cike da sautuka masu kaifi da ƙidayar kiɗa mai wuyar bi. Daga auren waɗannan gidaje biyu aka samu abin da ake kira furogiresib metal, wato metal ɗin masu zurfafa tsari.

Cikin waɗanda suka fara ɗaukar ɗacin nan a matsayin sana'a akwai Voivod, 'yan lardin Kwibek na Kanada, waɗanda suka kafu a 1982. Mai jitarsu Denis D'Amour, wanda aka fi sani da Piggy, ya ƙi bin damƙar jita da kowa ya saba, ya riƙa haɗa amo masu karo da juna a faifai irin su Killing Technology na 1987 da Dimension Hatröss na 1988. Makaɗa 'yan uwansu sun sara musu, amma kasuwarsu ba ta taɓa kama ƙafar ta su Metallica ba. Piggy ya rasu a 2005 sakamakon ciwon daji, sai a 2019 ƙungiyar ta samu kyautar Juno ta ƙasarsu, shekara 14 bayan an binne shi.

Shekarar 1993 ita ce ta fi zafi a wannan tarihi. A shekarar ne Cynic 'yan jihar Filorida ta Amurka suka fitar da Focus, inda suka gauraya metal mai tsanani da salon jaz da wata murya da aka bi da ita ta na'ura ta koma kamar ta mutum-mutumi. Da suka fita yawon wasa tare da Cannibal Corpse a 1994, masoyan da suka zo neman a girgiza musu ƙashi suka tarbe su da ihu da zagi. Kafin shekarar ta ƙare ƙungiyar ta watse. Sai da aka shafe fiye da shekara 10 suka dawo, suka tarar yaran da suka tashi da sauraren Focus sun zama makaɗa, suna kiransu malamai.

Labarin Gorguts ya fi wannan ban tausayi. Su ma 'yan Kwibek ne, jagoransu Luc Lemay. Bayan faifansu na biyu a 1993 kamfanin Roadrunner ya sallame su. Lemay da abokinsa Steeve Hurdle suka zauna suka tsara waƙoƙin da suka yi watsi da kusan duk abin da aka saba ji, jita tana ƙugi tana ƙara kamar ana jan ƙarfe a kan siminti. Waƙoƙin suka yi shekaru a ajiye babu mai ɗauka, sai a 1998 suka fito da sunan Obscura. Masoya suka rabu gida biyu. Wasu suka ɗauke shi hayaniyar banza, wasu kuma suka ce sai ka saurara sau da yawa kafin kunnenka ya gano zaren da ya ɗinke shi. Yau ana lissafa shi cikin manyan faifan wannan fanni, har wata ƙungiya a Jamus ta ɗauki sunansa ta raɗa wa kanta. Hurdle ya rasu a 2012.

To, ga inda abin ya juya. Da kunnuwa suka saba, sai ɗacin ya koma shi ne abin nema. Meshuggah 'yan Suwidin, waɗanda suka kafu a 1987, sun zo da kiɗan da mai sauraro ke rasa inda zai gyaɗa kai, amma daga salonsu aka samu reshe sukutum da ake kira djent. Sannan a 2011 Opeth, su ma 'yan Suwidin, suka fitar da Heritage, inda mawaƙinsu Mikael Åkerfeldt ya ajiye gurnanin da aka san shi da shi ya koma waƙa da murya mai taushi. Nan ma masoya da yawa suka yi fushi, wannan karon don an rage musu kaushi! Bai dawo da gurnanin a sabon faifai ba sai a 2024, aka kuwa yi ta murna.

Abin da na fahimta a nan shi ne, sabo ne ke mulkin kunne. Yaro in ya fara tauna goro tofarwa yake yi, dattijo kuwa ɗacin yake saye da kuɗinsa. Sai dai kada a ɗauka duk wanda aka yi wa ihu gwani ne. Faifai da yawa an ƙi su, kuma har gobe ba mai waiwayarsu, domin hayaniya ce da ba ta da tsari. Waɗanda suka tsira su ne waɗanda suka san ƙa'ida ciki da bai kafin su karya ta. Su ma masoyan ba za a ga laifinsu duka ba, kuɗinsu suka biya, kuma sun zo da abin da suke tsammani.

Mu marubuta mun san kwatankwacin wannan. Ka raba masoya biyu a shafin ƙarshe, ko ka kashe jarumar da aka ƙwallafa rai a kanta, ka ga yadda za a yi maka ca. In ka yi don labarin ya buƙaci haka, wata rana za a fahimce ka, ko da ba ka raye. In kuwa don burga ka yi, masu karatu ba sa yafewa, kuma da gaskiyarsu.

Allah ya sa mu dace. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.