Yadda Akwatin Fis Na Biyu Ya Samu Gurbi A Mota

Gardamar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a garejojin Kano da Kaduna: idan mai mota ya zo da fitilun hazo da amfilifaya da na'urar bin diddigi, daga ina za a ɗebo musu wuta? Tsofaffin masu riwaya sun ce a fere wayar da ke kusa a jona, shi ke nan. Yaransu kuwa sun dage sai an kafa ƙaramin akwatin fis na daban. Ni dai ina bayan yaran, duk da kukan tsada.

Asalin fis yana can zamanin tangarahu, kuma Thomas Edison ya yi rajistar nasa a 1890. Motocin farko ba ruwansu da wannan, da handil ake tayar da su har 1912 da Cadillac ta zo da kik. Batirin bolt 6 ya daɗe yana aiki, sai wajen 1955 Amurka ta koma 12, Volkswagen Beetle kuwa ta yi nawa har 1967. Fis ɗinta ma ba su wuce 12 ba, na tangaran masu tsini a baki biyu.

A 1976 kamfanin Littelfuse ya fito da fis na roba mai ƙafa biyu, wanda yau kowane mai sayar da kayan mota a Ƙofar Ruwa ke da shi cikin gwangwani. Launi ke faɗin ƙarfinsa: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Ƙanƙantarsa ce ta sa fis 6 ko 12 suka shiga akwatin da bai fi tafin hannu ba.

Wasu na cewa yawan kayan ƙawa ne ya haifi akwati na biyu. Ban yarda ba. Tun 1930 ake sayar da rediyon mota na Motorola, kuma shekaru aru-aru ana jona shi a bayan makulli ba wanda ya koka. Wasu kuma sun ce daga masu jiragen ruwa aka aro, kuma suna da ƴar hujja, don ƙa'idarsu a Amurka ta ce kada fis ya wuce inci 7 daga inda aka ɗebo wuta. To amma abin da ya tilasta mana shi kwamfuta ce. A 1986 Bosch ya gabatar da tsarin CAN, inda sassan mota ke aika wa juna saƙo ta wayoyi biyu kacal, Mercedes ta sa shi a babbar motarta a 1991, sauran suka bi. Daga nan waya ta daina zama waya kawai. Ka jona fitila a layin da ƙwaƙwalwar mota ke auna wutarsa, sai dashbod ya kama ƙorafi, ko ta yanke layin gaba ɗaya, ko ka wayi gari batir ya tsiyaye.

Mafitar ita ce a ƙyale wayoyin kamfani. A ja waya mai kauri daga kan batir, a sa babban fis dab da shi, a bi ta rile don wuta ta ɗauke idan an zare makulli, sannan kowace na'ura ta samu fis nata. Wurin ɗaure akwatin ma magana ce: nesa da zafin salansa, inda ruwan damina ba ya kwanciya, da kusoshi ba da igiyar roba ba, kuma ramin da waya za ta ratsa ƙarfe a sa masa zoben roba.

Abin takaici, duk wannan tsari mutum ɗaya ke rushe shi a bakin titi. Ja ya ƙone, sai ya cusa kore, ko ya naɗe ƙafafun da silin waya, wai don kada ya sake yankewa. Alhali fis waya yake tsaro, ba rediyo ba, kuma siririyar wayar da aka yi wa ma'aunin 10 za ta narke tun kafin na 30 ya ji komai.