Kariyar da Ke Shaƙe Ciyawa: Shaida daga Gandun Streletskaya

A kusa da birnin Kursk na ƙasar Rasha akwai sararin ciyawa mai suna Streletskaya, wanda aka killace a shekarar 1935 bisa ƙoƙarin masanin tsirrai Vasily Alekhin. Garma ba ta taɓa shiga yawancinsa ba, kuma an ƙirga nau'in tsiro sama da 70 a murabba'in mita ɗaya tak. Hujjar wannan maƙala ita ce, duk wanda ya bi nauyin tsirran wurin wata bayan wata zai gane cewa hana taɓa ciyawa kwata-kwata yana rage wannan arziki.

Da dusar ƙanƙara ta narke wajen watan Afrilu, ƙananan furanni ne ke fara leƙowa, suna rige-rigen shan rana kafin dogayen ciyayi su rufe su. Ɗanyen ganye yakan kai ƙololuwar nauyinsa tsakanin Yuni da Yuli, daga nan sai bushewa. Mai awo sau ɗaya a shekara yakan tsaya a nan, alhali abin dubawa yana gaba: ina busasshen ya tafi? A da, dawakan daji da sauran dabbobin kiwo ne ke cinye shi, wuta ta lashe saura, daga baya manoma suka riƙa yankan ingirici. A filayen da aka bari ba yanka ba kiwo, busasshiyar ciyawa takan kwanta shekara kan shekara har ta yi kauri kamar katifa. Ƙarƙashinta ƙasa ba ta ɗumama da wuri, danshi ya daɗe, iri ya kasa tsirowa. Sai 'yan ciyayi masu faɗin ganye su mamaye wurin, ƙananan bishiyoyi su biyo baya. A filayen da ake yankewa kuwa, furanni sun fi yawa, kuma launin fili na ci gaba da sauyawa sau da dama kafin kaka.

Wasu za su ce kwashe ingirici yana raba ƙasa da abincinta. Maganar tana da nauyi, domin baƙar ƙasar yankin daga ruɓaɓɓun tsirrai ta samu. To amma mafi yawan nauyin waɗannan tsirrai yana cikin saiwoyi, ya ninka na sama, kuma mutuwar saiwoyin ce ke ciyar da ƙasa, lauje kuwa ba ya kai musu. Wasu kuma na ganin sa hannun ɗan Adam ya saɓa wa manufar gandu. Sun manta cewa ɗan Adam ne ya kawar da dabbobin da ke wannan aiki, don haka filin da aka bar wa kansa a yau gurgu ne. Abin da ya dace a amince musu shi ne a bar wani yanki ba yanka domin kwatance, kamar yadda hukumar gandun ke yi, amma kada ya zama ma'aunin da za a ɗora sauran fili a kai.