Fitila a Ƙarƙashin Mudu: Kiristocin Kartaj a Shekarar 250

A babi na 5 na Linjilar Matiyu, Yesu Almasihu ya kwatanta mabiyansa da fitila, wadda ba a kunna ta don a kife ta da mudu. Koyarwar ba ta da wuyar faɗa a lokacin zaman lafiya. Nauyinta ya bayyana a shekarar 250, sa'ad da Sarkin Rum Desiyus ya umarci mutanen daularsa su miƙa hadaya ga alloli a gaban jami'ai, kowa ya karɓi takardar shaida. An tono irin waɗannan takardu fiye da 40 a Masar, ɗauke da sunan mai hadaya da sa hannun jami'an.

A Kartaj, kusa da birnin Tunis na yau, ikkilisiya ta rabu gida uku. Wasu suka ƙi, aka ɗaure su, har waɗansu suka mutu a kurkuku. Da yawa suka yi hadayar. Kashi na uku suka ba jami'ai toshiya, suka karɓi takardar ba tare da sun kusanci bagade ba. Waɗannan ne suka fi ɗaure wa malamai kai: ba su durƙusa wa gunki ba, amma a rubuce hukuma ta san su a matsayin waɗanda suka durƙusa.

Shi kansa bishop ɗin garin, Sifiriyan, ɓuya ya yi fiye da shekara guda, yana tafiyar da ikkilisiya ta hanyar wasiƙu. Masu adawa da shi suka yi masa gori. Hujjarsa ita ce babi na 10 na Matiyu ya halatta wa wanda ake tsananta wa ya gudu zuwa wani gari, kuma mai gudu bai musanta kome ba. Hujja ce mai ƙarfi, ko da yake ba ta sanyaya zuciyar wanda ya sha bulala ba.

Da ya dawo a 251, taron bishop-bishop ya yanke cewa a karɓi masu sayen takarda bayan tuba, waɗanda suka yi hadaya kuwa su daɗe cikin tuba, sai in ajali ya matso. A birnin Rum, Nobatiyan ya ƙi duk wani sassauci, ya ware da jama'arsa.

Da tsanani ya sake tasowa a zamanin Sarki Baleriyan, Sifiriyan ya tsaya a gaban gwamna ya ƙi hadaya. Aka fille kansa a Kartaj ranar 14 ga Satumba, 258.