Takardar Haraji da Famfon Tuƙa-tuƙa: Waiwaye Kan Ƙaramar Hukuma a Ƙasar Dutse

Bayan rasuwar kakana, da aka zo rabon gado, an sami wani gwangwani a ƙasan adakarsa, ƙarƙashin rigunansa na saƙi. Da aka buɗe shi ba a tarar da kuɗi ko laya ba, takardun haraji ne ninke a jere, shekara bisa shekara. Na farkon suna ɗauke da sunan En'e ta Kano, kuɗinsu da sule. Na baya-bayan kuma da naira. Kakana bai yi karatun boko ba, saboda haka na tambayi baffana dalilin da ya sa ya adana abin da ba ya iya karantawa. Sai ya ce da ni, “Yaro, a zamaninsu wannan takarda ita ce mutuncin magidanci. Wanda ba shi da ita ba ya shiga kasuwa da kwanciyar hankali.”

A wannan makon kuwa famfon tuƙa-tuƙa na ƙauyenmu, wanda ke cikin masarautar Dutse, ya cika wata biyar a lalace. Mata da yara sun koma tsohuwar rijiyar siminti da aka gina tun zamanin En'e. Haɗuwar waɗannan abubuwa biyu ita ta sa ni waiwaye, domin in gane yadda mutumin da aka tilasta wa biyan haraji ya bar mana rijiyar da ke ba da ruwa har yau, mu kuma da muke da ƙuri'a muka kasa gyara famfo.

Zamanin En'e

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Ba su rushe sarauta ba, sai suka mai da ita ma'aikatar mulki, wadda Bahaushe ya laƙaba wa suna En'e. A wannan tsari Dutse Gadawur, mai tsohuwar sarauta da fada a Garu, ta zama gunduma a ƙarƙashin Sarkin Kano, kamar yadda Birnin Kudu da Gwaram da Jahun suka kasance. Umarni yakan taso daga Kano zuwa ga hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa, sannan ya sauka a ƙofar gidan talaka. Kuɗi kuma yakan bi wannan hanya ya hau sama: haraji daga magidanta bayan kaka, jangali daga makiyaya, har su isa baitulmali. A farkon tsarin gwamnatin Turawa takan ɗauki rabi, En'e ta riƙe rabi ta biya albashi ta yi ayyuka.

Ba za a ce ba a ga komai ba. Daga wannan baitulmali aka gina makarantun elementare da ɗakunan shan magani a hedikwatocin gundumomi, aka haƙa rijiyoyi, aka yi rumfunan kasuwa, aka ɗauki malamin gona da malamin daji da malamin dabbobi. Akwai kuma duba-gari, wanda ke shiga gida ya leƙa randa da masai, wanda ya tarar da ƙazanta a gidansa ya gurfana gaban alƙali. Tsofaffinmu suna ba da labarin yadda aka yi rijiyarmu: hukuma ta kawo siminti da magina, mutanen gari suka fito da jakuna suka yi ta jigilar yashi da tsakuwa. Bayan an gama, kowace bazara mai unguwa yakan sa a yi shela a fito yasar rijiya, kuma babu magidancin da zai noƙe.

Sai dai ba daidai ba ne mai waiwaye ya ga rijiyar ya manta da bulalar. Talaka yana biya, amma ba shi da bakin tambayar inda kuɗinsa ya shiga. Wanda ya kasa biya akan shanya shi a rana a ƙofar fada, ko a sayar da akuyarsa, wani kuma ya tsere ci-rani ya bar iyali. Sau da yawa aikin hanya da ake kira gayya aikin tilas ne, da dogari a tsaye. Gwangwanin kakana shaida ce ta tsoro kamar yadda take shaida ta mutunci.

Daga Sawaba zuwa gyaran 1976

Wannan rashin murya shi ya haifar da siyasar Arewa ta zamani. A watan Agusta na 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙuduri a majalisar Kaduna yana neman a yi wa En'e garambawul, kuma a cikin watan aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda Malam Aminu Kano ya zo ya jagoranta. Dokar En'e ta 1954 ta buɗe ƙofar kafa majalisun gundumomi da na ƙauyuka, amma hakimi ne ke zama a kan kujerar shugabanci, kuma da wuya talaka ya musa wa wanda zai yanka masa haraji gobe.

Sojoji ne suka karya ƙashin bayan tsarin. Bayan an ƙirƙiri Jihar Kano a 1967 aka ba Audu Bako gwamna, an karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. Sannan a 1976 aka yi wa ƙasar baki ɗaya tsari guda: ƙaramar hukuma ta zama mataki na uku na gwamnati, da majalisar kansiloli da kasonta daga asusun tarayya, sarakuna kuma aka mai da su masu ba da shawara. Jihar Kano ta sami ƙananan hukumomi 20, cikinsu har da Dutse da Birnin Kudu da Jahun da Ringim. A shekarar ce kuma aka fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, sai azuzuwa suka tsiro a ƙauyukan da ba su taɓa ganin allon bango ba.

A 1979 Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi na jam'iyyar PRP ya soke haraji da jangali. Baffana ya ce ranar da labarin ya iso ta rediyo an yi guɗa a ƙauyenmu kamar ana biki, kuma daga nan gwangwanin kakana bai ƙara samun takarda ba. Ina ganin wannan mataki adalci ne, domin harajin ya daɗe da zama sandar dukan wanda bai bi ra'ayin masu sarauta ba. Amma ya zo da wani sakamako da masu guɗa ba su hango ba. Daga ranar, kuɗin tafiyar da hukuma ya daina fitowa daga rumbun manomi, ya koma gangarowa daga arzikin man fetur. Hukumar da ba ta buƙatar kuɗinka ba lalle ne ta buƙaci jin ta bakinka ba. Kai kuma da ba ka biya ba sai ka riƙa kallon abin da aka yi maka a matsayin kyauta. Daga nan kalmar “kayan gwamnati” ta ɗauki ma'anar abin da ba shi da mai shi.

Dutse ta zama babban birni

Ita ma sarautar Dutse ta ga sauye-sauye. Rimi ya ɗaga ta zuwa masarauta a 1981, wanda ya ci zaɓen 1983, Sabo Bakin Zuwo, ya soke, kafin daga baya martabar ta dawo. Ranar 27 ga Agusta, 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Jigawa daga Kano, Dutse ta zama babban birni. A yau jihar na da ƙananan hukumomi 27, bakwai daga ciki a masarautar Dutse: Dutse da Kiyawa da Birnin Kudu da Gwaram da Buji da Jahun da Miga. Ita ƙaramar hukumar Dutse mazaɓu 11 gare ta, irin su Limawa da Kachi da Madobi da Sakwaya da Kudai da Chamo, kowace da kansilanta. Mutumin da kakansa ke kwana a hanya kafin ya kai ƙara Kano, yanzu yakan hau babur ya je sakatariya ya dawo kafin azahar.

Hukuma ta matso kusa, ikonta ne bai matso ba. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu da kwashe shara da rajistar haihuwa da mutuwa, tare da sa hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya da noma, ya kuma ce zaɓaɓɓu ne za su tafiyar da su. Amma shi wannan tsarin mulki ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumomi, wanda ta cikinsa kasonsu ke bi. A faɗin Nijeriya wannan ya sa ciyaman ya fi duban fuskar gwamna a kan ta masu ƙuri'a, kuma jihohi da dama suka riƙa naɗa kantomomi maimakon yin zaɓe. Sai a ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta mulkin kantomomi.

A Jigawa an yi gwaje-gwajen kusantar da mulki ga jama'a. Gwamna Ibrahim Saminu Turaki ya rarraba ma'aikatu zuwa garuruwa daban-daban, Sule Lamido ya dawo da su Dutse bayan hawansa a 2007. A shekarar aka kafa tsarin kiwon lafiya na Gunduma, wanda ya kasa jihar gida tara, aka kuma fara biyan naƙasassu naira 7,000 a wata. A 2008 aka yi Taron Talakawa a Dutse, inda masu ƙananan sana'o'i suka tsaya gaban manya suka faɗi halin da suke ciki da bakinsu. Gwamna Umar Namadi shi ma ya fito da shirin Gwamnati da Jama'a, yana zagaya ƙananan hukumomi ana zama da mutane. Duk waɗannan abin yabo ne. Abin da na lura shi ne, kowannensu daga sama ya sauko, kuma abin da gwamna ya kawo wani gwamnan yana iya ajiye shi.

Inda jama'a suka sa hannu

Misalin da ya fi ƙarfafa mini gwiwa shi ne na tsafta. A watan Oktoba na 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Nijeriya da ta kawar da yin bahaya a fili. Gwamnati da UNICEF sun ba da tallafi da horo, amma masan kansu magidanta ne suka haƙa su a gidajensu, bayan an zauna a ƙofar mai unguwa an tattauna, limamai sun yi huɗuba, kwamitocin ruwa da tsafta sun bi gida-gida. Abin da duba-gari ya nema da tara da sammaci, an same shi da shawara da jin kunyar maƙwabci. Ɗorewarsa ma tana hannun waɗannan mutanen, domin masai yakan rufta da damina, kuma ba a kawo sabo daga Dutse.

Ba a nan kaɗai aka gano haka ba. A birnin Porto Alegre na ƙasar Burazil, tun 1989 aka fara tara mazauna unguwanni su zaɓi ayyukan da za a sa a kasafin kuɗin birninsu, kuma birane da yawa a duniya sun kwaikwaya. Mu ma muna da harsashin irin wannan: kwamitocin kula da makarantu, kwamitocin raya mazaɓu, ƙungiyoyin ci gaban gari, da al'adar gayya wadda ta girmi En'e kanta. Abin da ya rage musu shi ne haƙƙin ganin lissafi. Da za a riƙa manna kason kowane wata da abin da aka kashe a bangon sakatariya da Hausa, a kuma wajabta wa kansila zama da mazaɓarsa kafin a rubuta kasafi, da hukuncin Kotun Ƙoli ya isa ƙofar talaka. In ba haka ba, kuɗin zai sauya hannun da ke riƙe da shi ne kawai.

Famfonmu kuwa, mun kai kuka sau uku ga ofishin da ya kamata, ana ce mana an sa shi a lissafi. A ƙarshe, bayan sallar Juma'a, mai unguwa ya tara magidanta aka kira makaniki ya duba. Ashe sarƙa ce ta tsinke, robobi kuma suka cinye. Aka yanka wa kowane gida abin da zai bayar, mata suka kawo nasu daga kuɗin adashe, aka gyara shi a yini biyu. Mun kafa kwamiti na mutum biyar, biyu daga ciki mata, kuma ni aka ba riƙon littafin. Duk wanda ya biya ina yanka masa rasit.

Ban ɗauki wannan a matsayin nasara cikakkiya ba. Gyaran famfon haƙƙinmu ne a kan hukumar da ke karɓar kaso da sunanmu kowane wata, kuma idan jama'a suka saba yi wa kansu komai suka yi shiru, sun yafe wa hukuma bashin da ba nasu kaɗai ba ne. Saboda haka a zaman kwamiti na biyu muka rubuta takarda zuwa ga kansilanmu, muka lissafa abin da muka kashe, muka nemi ya zo ya gaya mana abin da aka ware wa ruwan sha a mazaɓarmu a bana. Magidanta arba'in da ɗaya suka sa hannu, wasu da alƙalami, wasu da ɗan yatsa. Kwafin takardar yana cikin gwangwanin kakana, a saman takardun harajinsa, muna jiran amsa.